Jama'a a yi hattara da masu tallan tifa mai araha a Jos

Wallahi yau kwana 9 ban yi barcin kirki ba. Naira miliyan 6 da dubu 500 aka damfare ni. Na so in yi shiru saboda kunya amma na kasa.

Da farko ina so a gane ni ba sabon shiga ba ne, don tunda abin ya faru kowa sai ya ce min ai araha ba ta ado, ai da ka bincika. Na bincika! Shekara 12 ina harkar yashi da dutse a garin nan, na yi yaron mota na yi direba, daga nesa in na ji ƙarar inji na san mai lafiya na san wanda ya kusa bugawa.

A Facebook na ga tallan, tifa ce ƙirar Howo 371 mai taya 10, wai miliyan 19. Na san ta fi haka, shi ya sa ma na tambayi mai tallan dalili, ya ce bashi ne ya taso shi gaba kuma matarsa na kwance za a yi mata aiki. Muka haɗu a Mararabar Jama'a inda manyan motoci ke fakin, na ɗauko makanikena tun daga Dilimi na biya shi kuɗin yini. Mai tallan dattijo ne fa, da furfurarsa, ya kusa haifata, Baba nake ce masa shi kuma yana ce min ɗana. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya miƙo min ya ce hau ka tayar da kanka. Makulli fa jama'a, daga aljihunsa. Wannan wurin nake ta dawowa duk dare, waye zai ga mutum da makullin mota a aljihu ya ce ba tasa ba ce? Na tayar, muka ɗaga bodi ya tashi lafiya ya sauka lafiya, makanike ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi babu walda, ya duba giya, ya duba hayaƙi, muka haɗa lambar shasi da ta takarda suka yi daidai. Aka kira azahar muka yi sallah sahu ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa.

Au na manta, tun kwana biyu kafin nan na tura masa dubu 500 kafin alƙalami, don ya ce akwai wani daga Bauchi da zai zo da kuɗi a hannu. To ranar bayan sallah na ƙara miliyan 6, a tsaye a gabansa na yi turansfa. Sunan akawun ɗin ya fito daban da na takarda, na yi magana wallahi na yi magana, ya ce na babban ɗansa ne shi tasa akawun ba ta ɗaukar kuɗi mai yawa. Takardun ma fotokwafi ne, ya ce orijinal da na kwastam suna Kaduna wajen wanda yake binsa bashin, ranar Litinin zai karɓo in cika sauran in tafi da mota.

Litinin waya a kashe. Talata da sassafe na je, mota na nan inda na barta, har na ji sanyi a raina. Sai ga mai motar na gaskiya da takardunsa orijinal, bai taɓa sa ta a kasuwa ba. Ashe tsohon ya zo wajen yaron motar ne ya ce zai ɗauke ta haya wata guda, ya ba shi ɗan na shayi, ya karɓi makulli da takardun cikin mota wai zai nuna wa ogansa. Su ya je ya buga ya canja suna.

Miliyan 6 da dubu 500. Filina ne na sayar, da sarƙar gwal ɗin uwargida da ta cire ta ba ni da hannunta ta ce Allah ya sa albarka. Har yanzu ban iya gaya wa Hajiyarmu ba.

Kar ka tura ko sisi sai orijinal na hannunka kuma sunan akawun ɗaya da na takarda, ka tambayi mutanen wurin motar waye.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na je banki na cike fom. Sikirinshot na hirarmu da rasit ɗin turansfa biyun duk suna wayata, da muryarsa da yake cewa ɗana kar ka ji komai, zan sako su da zarar an ba ni izini. Shafin nasa ya goge amma hoton tifar yana nan, in kun ga an sake sa ta da wata lamba don Allah ku sanar da ni.