Gidan fizar unguwarmu: hannun mai gasa ta ya kai, sauran kuwa sai haƙuri

Duk wanda ke zaune tsakanin Nasarawa da Bompai a Kano ya san gidan fizar da nake nufi, ba sai na kama suna ba. Shi ne wanda motoci ke toshe bakinsa daga an idar da Magariba, wanda 'yan mata ke ɗaukar hoton kwalinsa suna sawa a Instagram, wanda in aka ce wa yara yau za a ci fiza ba sa ambaton wani wuri sai shi. Ƙawayena da ke cikin gari sun sha tambayata ko da gaske ya kai yadda ake kururuta shi, tunda ni ce ke kusa. A da ba na jinkirin cewa ya kai. Yanzu sai na ɗan yi shiru kafin in amsa.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. In ka je da kanka tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da wurin ke fayau, ka zauna aka kawo maka fizar daga wuta zuwa tebur, wallahi ban san inda za ka samu irinta a garin nan ba. Tsakiyarta siririya ce amma ba ta yagewa, gefen ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, in ka ɓara sai ka ga ramuka a ciki, alamar an bar ƙullin ya tashi da kansa ba a cika masa yis don sauri ba. A Napoli, can Italiya inda abincin nan ya samo asali, wutar murhun kan haura digiri 400, fiza ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki, kuma sun ɗauki sana'ar da muhimmancin da har hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake karewa a 2017. Na waɗannan ba murhun itace ba ne, na gas ne, amma da gani yana ɗaukar zafi sosai. Akwai wani dattijo da ake hangowa ta gilashi yana buɗa ƙullin da tafin hannu, ba ya amfani da katakon murji ko kwalba. Duk sunan da gidan ya yi, a ganina, hannun mutumin nan ne ya jawo shi.

Miyar tumatirinsu ma ba ta gwangwani ba ce zalla, musamman da rani lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya cika Yankaba. Kana jin ɗan tsamin ɗanyen tumatir, ba zaƙin sukari ba. Wadda na fi so ita ce mafi sauƙi a jerin, margarita, tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya kawai, wadda ake ba da labarin an raɗa mata sunan sarauniyar Italiya a 1889. A kanta ake gane gidan fiza, don babu nama ko yaji da zai rufe aibu. Tasu ba ta da abin rufewa.

Da a nan na tsaya, da na ce kowa ya je. To amma abin da suka yi mini a hutun Babbar Sallah har yanzu in na tuna raina sai ya sosu.

Ƙanwar maigidana ce ta zo daga Zariya da yaranta. Yaran nan tun a mota suke maganar fizar, don nawa sun cika musu kunne da labarinta a waya. Nama ya ishi kowa a kwanakin, soye da dafaffe da dambu, sai na ce to yau ba za a ɗora tukunyar dare ba, zan yi odar fiza. Ana idar da Magariba na kira. Wata yarinya ta ɗauka, na faɗa mata manya uku: ta kaza da koren tattasai, ta tsire, da margarita. Na maimaita, ta maimaita. Ta ce, “Hajiya, minti arba'in in sha Allah.” Na yi tiransifa nan take har da kuɗin ɗan aike da na lemo, na tura musu rasit ta WhatsApp, aka yi mini alamar an gani.

Aka yi Isha'i, shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira, sai wani saurayi ya ɗauka ya ce shi bai ga wata oda da sunana ba. Na ce ga rasit nan a wayarku. Ya ce alat bai shigo ba, kuma su ba sa sa fiza a wuta sai sun ga alat. Na san matsalar banki a ƙasar nan, kowa ya sani, musamman lokacin Sallah da kuɗi ke yawo. Ban ce su gasa bashi ba. Amma kusan awa ɗaya da rabi kuna riƙe da lambata, kun ga rasit, ba wanda ya ga ya dace ya kira ya ce Hajiya kuɗinki bai iso ba? Da na sani da wuri ai da maigida ya fita ya biya da kati, tafiyar ba ta kai ta minti goma ba. Sai da na ɗaga murya sannan ya ce in dakata, ya dawo ya ce ai ya shigo tun ɗazu, a wata wayar ce ba a duba ba. Ko “yi haƙuri” bai ce ba. Ya dai ce yanzu za a sa.

Ƙaramin cikin baƙin ya riga ya yi barci a kan kujera da yunwarsa. Uwar tana ta cewa, “Anti, ki bari kawai, ko shayi da burodi ma ya isa,” ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙi sun taho tun daga Zariya, na hana a yi girki da bakina, ga shi har ƙarfe goma ta gota babu abin da zan ajiye musu. Sai da na shiga kicin na dafa wa ƙananan indomi da ƙwai.

Goma da rabi ta wuce ɗan aiken ya iso. Shi ban ga laifinsa ba, yaro ne mai ladabi, ya gaishe ni, ya ce oda biyar aka haɗa masa a tafiya ɗaya kuma tamu ce ta ƙarshe. Ko jakar nan mai riƙe zafi ba su ba shi ba, kwalayen a ɗaure suke da roba a bayan babur. Na buɗe na farko, cukun ya daskare ya yi fari-fari, mai ya fito ya jiƙa kwalin, gefen nan da nake yabo ya zama sai ka ja da haƙori. Mutumin Kano ba sai an yi masa bayani ba: gurasar da aka zaro daga tanderu yanzu da wadda ta kwana ba abu ɗaya ba ne, ko da hannu ɗaya ya yi su. Haka fizar nan ta koma. Na sa a obin na ɗumama, ta ɗan farfaɗo, amma ba ita ba ce.

Kwali na uku shi ne ya fi ɓata mini rai. Maimakon margarita, sai ga fiza shimfiɗe da jajayen yankan sosej ɗin nan da ake kira feferoni. Ban yi odarta ba, kuma ba na sayenta ko'ina sai na tambaya, saboda asalin feferoni na Amurka ne kuma a can yawanci da naman alade gauraye da na sa ake yin sa. Ina so a fahimce ni da kyau, ban ce abin da suka kawo mini haram ne ba. Gidan abinci a tsakiyar Kano, mafi yawan kwastomominsa Musulmi, ina kyautata zaton na sa ne. Amma ina da haƙƙin in tambaya a ba ni amsa. Na kira na ce, “Malam, wannan sosej ɗin na wane nama ne, daga ina kuke kawo shi?” Ya ce shi dai ya san kowa na ci. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ce manaja ya tashi, in kira gobe. Haka na rufe kwalin na ajiye, yara na kallo, babu wanda ya taɓa.

Daga wannan daren ne na fara tuna wasu abubuwa da na riƙa kawar da kai a kansu saboda son da nake wa wurin. Cukun ya ragu, wannan ba tun yau ba. A da in ka ɗaga yanka sai ya biyo ka yana zare, yanzu akwai wuraren da miya ce tsirara. Ta tsiren ma, da ake ta yabo a matsayin abin da suka ƙirƙiro don bakinmu, naman ya koma 'yan ƙananan gutsattsari, yajin ƙuli ya fi naman yawa, albasa ta cike gurbi. Babbar ma in ka dube ta a kwali sai ka ga fili ya ragu ta kowane gefe.

Na san halin da masu irin wannan sana'a ke ciki, ba a wata ƙasa nake zaune ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a Yuni, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Alkamar da ake niƙa fulawa mafi yawanta daga waje take zuwa, cukun mozarela ma haka, ga gas, ga man janareta, ga firjin da ba a isa a kashe ba don kada cuku ya lalace. Shi ya sa da suka ƙara kuɗi ban yi ƙorafi ba, na biya, har da harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a ƙasan rasit. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi kuma a rage kaya a ɓoye, a bar ni in gano da kaina a gaban baƙi. In cuku ya yi tsada, a faɗa, a ce mai son ƙari ya ƙara kaza. Wannan ciniki ne na mutunci.

Washegari na je da kaina da kwalin a hannu. Manajan ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba, ya fi yaransa iya magana nesa ba kusa ba. Ya shiga ciki ya ɗauko ledar sosej ɗin ya nuna mini, an rubuta naman sa, ga tambarin halal a jiki. Hankalina ya kwanta ta wannan fannin, na kuma ce masa wannan amsar da ya ba ni cikin minti biyu ita ce ya kamata duk wanda ke ɗaukar waya a gidan ya sani. Ya ce gaskiya ne. Sai na zo kan maganar kuɗi. Ya ce ba sa mayar da kuɗi, sai dai a gasa mini wata margarita yanzu. Na ce baƙin da na saya dominsu sun kama hanya da safe. Ya ce, “Hajiya, lokacin Sallah ne, a yi mana uzuri, oda ta yi mana yawa.”

Wannan maganar ta ƙara tunzura ni. Sallah ba ta zo muku ba zato ba. Kun san daren zai cika, kun san iya abin da murhunku zai gasa a awa ɗaya, kun san yawan baburanku. In oda ta fi ƙarfinku, ku ce wa mai kira yau sai bayan awa biyu, ko ku ce mun rufe karɓa. Da an faɗa mini haka da na gode, na ɗora taliya, babu wanda zai kwana da ɓacin rai. Karɓar kuɗin kowa da alƙawarin minti arba'in, alhali an san ba zai yiwu ba, shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Kuma na lura, ina tsaye a wurin, yadda aka tashi da rawar jiki aka tari wasu da suka sauko daga babbar mota, aka bar wata mata da ɗanta a bakin kanta tana ta miƙa kati ba wanda ya kalle ta.

Na karɓi margaritar dai, don kuɗina ne. Dattijon nan ne ya yi ta, na ci yanka ɗaya a mota tana turiri, kuma ta yi daɗi ƙwarai, daɗin da ya sa na ƙara jin haushi, don ya nuna mini ba iyawa ce suka rasa ba. Mutum ɗaya yana can gaban wuta yana yi musu aiki tsakani da Allah, na gaban kanta da na waya suna watsar da shi.

Maigida har yanzu yakan kai samarin gidan ranar Asabar da rana, ban hana ba, kuma kullum da yabo suke dawowa. Wadda ta tambaye ni yanzu, ina ce mata ta je da ƙafarta kafin La'asar, ta zauna ta ci a can, ta buɗe duk kwalin da za ta tafi da shi kafin ta bar bakin kanta. Oda ta waya kuwa, da dare ko ranar biki, ni dai na daina, ko da baƙi ko babu. Lemon kwalba biyu da na biya a daren nan ma ba su zo cikin kayan ba, da na tuna wa manajan ya ce zai duba ya kira ni, har yau bai kira ba.