Metir asistan na Maraɗi da siniya lakcara na Katsina: wa ke gaba?

Hajiya, kin ce ƙanenki da ke koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi ya zama metir asistan, surukinki na Katsina kuma an yi masa siniya lakcara, kina so ki san wa ke gaba da wani.

A wajenmu a Nijar matakan muƙamin malaman jami'a huɗu ne: asistan, metir asistan, metir da konferans, sai farfesa titiler. A Nijeriya tsanin ya fi yawan matakala. Mai digiri na farko yakan shiga a matsayin mai taimaka wa malamai, mai digiri na biyu ya zama mataimakin lakcara, daga nan lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, siniya lakcara, rida (wato mataimakin farfesa), sannan farfesa. Bakwai ke nan. Wanda ya zo da digirin dakta sabo yawanci daga lakcara na biyu yake farawa. In aka jera su, metir asistan yana tsakanin lakcara na ɗaya da siniya, metir da konferans kuma shi ne rida. Ashe mutanenki kafaɗa da kafaɗa suke, sai dai surukin ya ɗan ɗara.

Amma ni abin da na fi so ki lura da shi, wa ke ba da muƙamin. A Nijeriya jami'ar da mutum ke aiki ita ke ƙara masa girma, galibi bayan shekara 3 a kan mataki. Sai an zo rida da farfesa ne ake aika rubuce-rubucensa ga farfesoshin wasu jami'o'i su auna. Mu kuwa takardun ƙetare iyaka suke yi. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, ita ke tara malamai daga ƙasashe daban-daban su duba bincikenka da koyarwarka, sannan su sa sunanka a jerin waɗanda suka cancanta. Wanda aka mayar wa takardunsa sai ya jira wata shekarar. Malaman likitanci da shari'a da tattalin arziki kuma suna da gasarsu ta agregasiyon, a tsaya gaban alƙalai a ba da darasi da baki. Hanyar akwai wahala da jinkiri, amma ina ganin darajarta: muƙamin ƙanenki ana girmama shi a Dakar da Abijan kamar yadda ake yi a nan. Ki taya shi murna da kyau, ba banza ya samu ba.

Wani abu da ke rikita ƴan'uwanmu na ƙetare: a nan metir da konferans ma ana ce masa farfesa, don ya shiga sahun manya masu kula da ɗaliban dakta.

Ta fuskar mulki abin da sauƙi. Rektar namu shi ne shugaban jami'a da suke kira VC, wanda a can Nijeriya wa'adi ɗaya yake yi na shekara 5. Dwayan shi ne shugaban tsangaya. Abin da suke da shi mu babu shi ne uban jami'a, wanda sau da yawa sarki ne, aikinsa ya jagoranci bikin yaye ɗalibai.