Komawa jami'a ko aikin ƙungiya: amsa ga ungozomar da ke son shiga binciken lafiyar haihuwa

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta kawo tambaya. Ungozoma ce mai digirin jinya, ta shekara uku tana aiki a ɗakin haihuwa, yanzu kuma tana son ta karkata zuwa binciken lafiyar jima'i da haihuwa a Afirka ta Yamma. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ta ina za ta shiga: ta koma jami'a ta yi digiri na biyu har ta kai na uku, ko ta nemi aiki a ƙungiyoyin da ke gudanar da shirye-shiryen tazarar haihuwa da lafiyar mata.

Malama, shawararmu ita ce kada ki ajiye aikin asibiti tukuna. Ki fara kutsa kai ta aikin tattara bayanai, ki koyi sarrafa alƙaluma da hannunki, digiri ya biyo baya lokacin da kika samu tambayar bincike taki ta kanki.

Jami'a takarda take fara dubawa. A Najeriya akwai cibiyoyi biyu da Bankin Duniya ya tallafa wa waɗanda wannan fanni ne aikinsu: ACEPHAP a Jami'ar Bayero ta Kano, da CERHI a Jami'ar Benin. A Ghana akwai RIPS a Legon, wadda ta daɗe tana yaye masana yawan jama'a. Masu Faransanci kuwa IFORD ta Yawunde suke nufa, inda ake shiga ta jarabawar gasa, ko ISSP ta Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a Wagadugu. Inda mutane suke ɓata lokaci shi ne wajen neman tallafi. Shirin CARTA, wanda cibiyar APHRC ta Nairobi da Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu suke jagoranta tun 2008, yana ɗaukar nauyin digiri na uku, amma na ma'aikatan jami'o'in da ke cikin ƙawancen ne kawai, irin su Ibadan da Ile-Ife. Haka kuɗin karatu na TETFund, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Wadda take aiki a asibitin jiha ba ta cikin lissafin, komai kyan takardunta. Wanda ya fi dacewa da ke shi ne irin Chevening na Birtaniya: digiri na biyu na shekara ɗaya, ana neman ƙwarewar aiki ta awa 2,800, kusan shekara biyu ke nan, kuma dole ki dawo gida ki zauna shekara biyu bayan kammalawa.

Ƙungiya kuwa tambayarta ɗaya ce: me za ki iya yi mana ranar Litinin? Su Society for Family Health, MSI, Pathfinder, Jhpiego da PPFN, ko ANBEF a Nijar, suna neman wanda ya iya cike fom a waya da KoboToolbox ko ODK, ya iya ciro rahoto daga DHIS2 (manhajar tattara alƙaluman asibitoci), ya iya Excel fiye da jera lambobi, ya kuma iya rubuta shafi biyu na Turanci mai tsabta. Matakin farko yawanci kwangilar 'yan makonni ce ta bin gida-gida ana tambayoyi. Daga nan a zama mai duba aikin masu tambaya, daga nan jami'in bibiya da tantance aiki. Binciken PMA kan tazarar haihuwa, wanda Jami'ar Johns Hopkins ta fara a 2013, ya yi aiki da matan da ke zaune a yankin da ake binciken, har da Kano da Yamai, don mace ta fi sakin jiki da wadda ke jin harshenta. A wannan mataki Hausarki da sanin ɗakin haihuwa sun fi takardar digiri na biyu amfani.

Akwai kuma wata ƙofa a tsakiya da mutane ba su cika lura da ita ba, wato ungozomar bincike. Manyan gwaje-gwajen asibiti ba sa tafiya sai da ita. Dubi binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 210,000. Abin da aka gwada ba wani sabon magani ba ne. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga adadin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, sannan da zarar an gano zubar ta yi yawa a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ungozomomi ne suka auna, suka rubuta. Ki tambayi sashen mata da haihuwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ke ko akwai binciken da ke gudana. Irin wannan gurbi ba kasafai ake tallarsa a jarida ba.

Abin da za ki koya a ɓangarorin biyu ma ba ɗaya ba ne. A ƙungiya za ki ƙware a lissafin shiri. Misali, ana auna aikin tazarar haihuwa da shekarun kariya da ma'aurata suka samu: allurar wata uku sai an yi huɗu ake ƙirga shekara ɗaya, ƙwayar sha fakiti 15, kwaroron roba 120, ashanar hannu ta shekara uku ana ƙirga mata shekara 2.5, ta shekara biyar 3.8, robar mahaifa mai tagulla 4.6. Kuskuren da ya fi yawa a rijistar asibiti shi ne ƙirga zuwa a matsayin mutum. Mace ɗaya mai allura za ta zo sau huɗu a shekara. Idan ma'aikaci ya rubuta ta sabuwa duk zuwa, rahoton ƙaramar hukuma zai nuna an ninka masu amfani alhali ba a ƙara ko mutum ɗaya ba. Wanda ya taɓa zama ya gwada rijista da fom ɗin wata da abin da aka shigar a DHIS2 ba ya sake yarda da lamba don kawai ta fito a kwamfuta. Wannan ido jami'a ba ta bayar da shi.

Abin da jami'a ke bayarwa, wanda ƙungiya ba ta da lokacin koya miki, shi ne sanin iyakar abin da lamba za ta iya faɗa. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa za su tambayi mutum 384, domin adadin da lissafin yawan mutanen da za a tambaya ke bayarwa ke nan. To amma 384 na wanda ya zaɓo mutane ɗai-ɗai ne daga cikakken jerin suna. Idan unguwa-unguwa za ki bi, matan unguwa ɗaya sun fi kama da juna, don haka ana ninka adadin sau ɗaya da rabi ko sau biyu, a ƙara kaso na waɗanda za su ƙi amsawa. 384 sai ta koma wajen 850. Haka wanda ya ɗauko bayanan DHS, wato binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya, ya yi lissafi bai sa ma'aunin nauyi ba, wato v005 da ake rabawa da 1,000,000, bai kuma gaya wa manhajar lissafi irin Stata ko R yadda aka kasa samfurin ba, sakamakonsa ba zai yi daidai da rahoton ƙasa ba, kuma duk mai duba takarda da ya san aiki zai gane nan take. Wani abin kuma: kada ki yarda a ba ki batun auna yawan mutuwar masu haihuwa a ƙaramar hukuma ɗaya. Binciken ƙasa na 2018 ya tambayi mata sama da 41,000, duk da haka adadinsa na 512 cikin haihuwa 100,000 yana yawo ne tsakanin 447 da 578. Ɗaliba mai fom 400 ba za ta iya ba.

Ta fuskar kuɗi, kowa ya sani ƙungiya ta fi tsoka a ƙarshen wata. Sai dai kwangila ce, shekara ɗaya-ɗaya, kuma rayuwarta rataye take da mai ba da tallafi. Shekarar 2025 ta nuna wannan ƙarara. Gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu, aka rushe hukumar USAID, aka katse tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a, har shirin DHS da ake gudanarwa tun 1984 aka yanke kwangilarsa a watan Fabrairu. An sallami ƙwararru masu shekara goma a bakin aiki, kuma su ne za ki yi takara da su a kan kowane gurbi. Ajiye aikin gwamnati mai fansho saboda kwangilar wata shida, a irin wannan yanayi, sakin reshe ne a kama ganye. In ta kama dole, ki nemi hutu marar albashi a rubuce. Albashin jami'a ƙarami ne, ga yajin aiki da kan mayar da digirin shekara biyu ya zama na uku, amma kujerar ba ta tashi da tashin mai tallafi.

Sai maganar suna, wadda sai daga baya ake jin zafinta. A ƙungiya bayanan ba naki ba ne. Za ki iya shafe shekara biyar kina tattarawa, a wallafa takarda a kai, sunanki ya fito a layin godiya kawai. Ƙa'idar mujallun lafiya ita ce tattara bayanai shi kaɗai ba ya sa mutum cikin marubuta. Sai ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya ɗauki alhakinsa. Saboda haka tun kafin a fita fili ki gaya wa shugaban binciken kina son a ba ki wani sashe ki rubuta, ko da bayanin yadda aka yi aikin ne. A jami'a matsalar ta juya: suna naki ne, amma matsin neman ƙarin girma yana tura mutane ga mujallun bogi, masu karɓar dala su wallafa cikin mako guda ba tare da kowa ya duba ba. Irin wannan takarda rage miki daraja take yi a gaban masu ba da tallafi. Ki duba ko mujallar tana cikin DOAJ ko PubMed, rumbunan intanet masu jera mujallun da aka tantance. African Journal of Reproductive Health, da ake bugawa a birnin Benin na Najeriya tun 1997, tana cikin PubMed.

Wuri ɗaya da hanyoyin suka haɗu shi ne izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ba a fara tambayar kowa sai takardar ta fito, kuma mujallar kirki ba ta karɓar izinin da aka nema bayan an gama. Kwas ɗin TRREE kan ɗa'ar bincike kyauta ne a intanet, da Turanci da Faransanci, kwana biyu ya ishe ki ki samu shaidarsa. A fili kuwa, tambayar da ta shafi ɓari, ciwon sanyi ko dukan mata ba a yin ta a tsakar gida, kishiya na jin ku, uwar miji na kai-komo. Idan wani ya shigo, a sauya magana. A binciken cin zarafi mace ɗaya tak ake tambaya a kowane gida, don kada a san abin da aka tambaye ta.

Tunda yankin gaba ɗaya kike hange, Faransanci ya fi digiri na uku saurin buɗe miki hanya. Ƙawancen Wagadugu kan tazarar haihuwa da aka kafa a 2011 ya ƙunshi ƙasashe tara masu Faransanci, ciki har da Nijar, Mali, Senegal da Togo. Shirin SWEDD na Bankin Duniya, na ƙarfafa mata da 'yan mata, ya fara a 2015 da ƙasashen Sahel. Ofishin UNFPA na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Dakar yake, kuma guraben yanki galibi harshe biyu suke nema. Mai Hausa da Turanci, idan ta kai matakin B2 a jarabawar Faransanci ta DELF, tana iya zama da mata a Maraɗi ko Damagaram ba tafinta, ta kuma rubuta rahoton da za a karanta a Yamai da Abuja. Irin waɗannan ba su da yawa.

Batun bincike kuwa yana gabanki a ɗakin haihuwa. Tsakanin binciken ƙasa na 2018 da na 2023 zuwa 2024, matan aure masu amfani da hanyoyin zamani a Najeriya sun tashi daga kashi 12 zuwa 15 cikin 100, amma masu son tazara da ba sa amfani da komai su ma sun ƙaru daga 19 zuwa 21. Me ya sa mace take cire ashana kafin shekara ta zagayo, rikicewar al'ada ce ko ba a yi mata bayani ba tun farko? Mata nawa ne suke barin asibiti bayan haihuwa ba wanda ya yi musu maganar tazara? Ina matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ko Ningi suke bayan shekara ɗaya, sun koma gidajensu ko kuwa? Rashin haihuwa ma, wanda ke raba aure, kusan ba mai sa masa kuɗi. Ki zaɓi ɗaya, ki nemi izinin asibitinku, ki bi rijistar wata goma sha biyu ki fitar da jadawali biyu ko uku. Da wannan za ki tunkari malamin da kike so ya duba miki aiki, da shi kuma za ki amsa tambayar masu ɗaukar aiki.

Guraben ƙungiyoyi ki neme su a shafukansu na kansu ko a ReliefWeb. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya a kowane mataki na ɗaukar aiki. Duk tallar da ta zo ta WhatsApp tana neman a tura kuɗi kafin ganawa, ki goge ta.