Kwas ɗin Kambirij ko na Zariya: wanne zai amsa takardar mai sayen riɗi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayar da ka jefo a zauren nan ita ce: kana tara riɗi da zoɓo daga Maigatari da Malam Madori, ka ƙara da na Dawanau, ka gyara a Sharaɗa. Yanzu ka samu mai saye a Jamus, amma kafin ya sa hannu ya aiko maka da doguwar takardar tambayoyi. Daga wace gona kayan suka fito? Wane magani aka zuba musu a sito? Akwai ƙananan yara cikin masu tsintar zoɓo? Hayaƙi nawa harkarka ke fitarwa? Kana so ka san ko ka biya kwas ɗin intanet na Jami'ar Kambirij kan tafiyar da kaya ta hanya mai ɗorewa, ko ka je gajeren kwas na manyan ma'aikata da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Su biyun ba ciwo ɗaya suke magani ba, shi ya sa ba zan ce maka wannan ya fi wancan kai tsaye ba.

Na Kambirij wata cibiya ce ta jami'ar, CISL, take gudanar da shi. Mako 8 ne, duk ta intanet, kana zaune a ofishinka. A ƙarshe satifiket za a ba ka, ba digiri ba, kada wani ya ruɗe ka da sunan jami'ar. Na Zariya kuwa yana ƙarƙashin shirin SPESSE, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa take kula da shi. Jami'o'i shida aka ba cibiyoyin: Zariya, Bauchi, Makurɗi, Legas, Benin da Owerri. Fannoni uku suke koyarwa, wato sayen kaya, ƙa'idojin muhalli da ƙa'idojin kare haƙƙin jama'a, tun daga gajeren kwas na shugabanni har zuwa digiri na biyu.

Mu fara da abin da za ka ji a aji, don a nan ne tazarar take. Kwas irin na Kambirij an gina shi ne daga kujerar mai saye. Ɗalibin da suke hange shi ne ma'aikacin babban kamfani a Turai da ke sayen kaya daga ƙasashe irin namu, yana so ya san inda haɗari yake a bayan masu kawo masa kaya. Wato za a koya maka tunanin mutumin da ya rubuto maka waccan takarda. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. Za ka gane cewa ba don raini yake tambaya ba: tun Janairun 2023 Jamus ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 3,000 zuwa sama su binciki take haƙƙin ma'aikata da ɓarnar muhalli a wurin masu kawo musu kaya, a 2024 aka sauko da ita zuwa masu ma'aikata 1,000. Ko mai sayenka ƙarami ne, shi ma wani babba yake sayar wa, kuma matsin daga can yake gangarowa har ya iso Sharaɗa.

Za ka kuma fahimci tambayar hayaƙi, wadda na san ita ta fi ɗaure maka kai. Gida uku suke kasa shi. Gida na farko abin da ka ƙona da kanka, dizal ɗin janareta da na motocinka. Na biyu wutar da ka saya daga KEDCO. Na uku duk sauran: tirelar haya da ta yi kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, takin da manomi ya zuba, jirgin ruwan da ya ɗauki kwantena. Naka duka, gida ukun nan, su ne gida na uku a lissafin Bajamushen, shi ya sa ba zai iya rufe littafinsa ba sai ya ji daga gare ka. Lissafin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Litar dizal ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Idan kana ajiye rasidin mai da takardar kuɗin wuta, akawunka zai fitar maka da gida biyun farko cikin yini guda.

Amma ka shirya jin misalai da yawa a kan koko, gahawa, manja da masaƙun Asiya, domin a kansu aka fi yin rubutu a wannan fanni. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuka ta cika kowane taro na irin wannan karatu, alhali kaya bakwai ta ambata: shanu, koko, gahawa, manja, roba, waken suya da katako. Riɗi da zoɓo ba sa ciki. Ranar da ka fara fitar da waken suya zuwa Tarayyar Turai, to ta shafe ka, kuma za a nemi lambobin taswirar kowace gona da shaidar cewa ba a sare daji don ita ba bayan 31 ga Disamba 2020. Kafin nan, ilimi ne na ajiya.

Na Zariya kuwa kujerarsa daban. An tsara SPESSE ne don cike giɓin ƙwararru a ayyukan gwamnati da na masu ba da lamuni, saboda haka ɓangaren sayen kaya ya jingina sosai da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007: tallar kwangila, buɗe tanda (wato takardun tayin masu neman kwangila), tantance 'yan kwangila. Ga mai neman kwangilar kai hatsi ma'aikatar gwamnati, wannan zinariya ce. Ga mai auna riɗi a Maigatari ranar kasuwa, ba ta da amfani sosai, don ba wanda ke buɗe tanda a gaban dillali. Idan za ka tura mutum Zariya, ɓangaren muhalli ko na haƙƙin jama'a za ka zaɓa masa. A nan ne ake maganar lafiyar ma'aikaci a wurin aiki, aikatau na yara, yadda ake karɓar koke da yadda ake rubuta tsarin kula da muhalli bisa dokokin Najeriya. Kusan rabin takardar Bajamushenka a kan waɗannan take, kuma malamin da zai koyar ya san yadda sito yake a watan Afrilu, ya san matan da ke zaune a ƙasa suna tsintar zoɓo cikin ƙura ba takunkumi, wasu da goyo a baya.

Batun kuɗi gajere ne. Ɗaya da kuɗin waje ake biya, ɗaya da naira, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa a zauren nan ya san ma'anar hakan. Lokaci ma haka: na intanet ba ya raba ka da kasuwa, amma yana son karatu da rubutu da Turanci kowane mako har wata biyu. In ka fara shi a kakar riɗi, daga Oktoba zuwa Disamba, ina tabbatar maka waya ba za ta bar ka ka gama ba. Na Zariya tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, ka rufe waya 'yan kwanaki ka gama.

Sai mutanen da za ka haɗu da su, abin da ba a cika sa shi a lissafi ba. A na Kambirij abokan karatunka suna warwatse a duniya, wasunsu ma'aikatan irin kamfanonin da kake son sayar wa, sai dai zumuncin allo bai cika yin nisa ba sai ka bi shi da kanka. A Zariya za ka zauna da ma'aikatan gwamnati da na hukumomi, irin waɗanda wata rana fayil ɗinka zai biyo ta teburinsu. In kuwa 'yan kasuwa irinka kake son gogayya da su, Makarantar Kasuwanci ta Legas tana da shiri na masu kamfani da suke tafiyar da abinsu da kansu, da kuma na harkar noma, amma ka haɗa da kuɗin jirgi da masauki. Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero tana nan gida, sai dai MBA, wato digiri na biyu kan harkar kasuwanci, karatu ne mai faɗi na shekaru, ba zai amsa takardar da ake jira wannan watan ba.

To ga inda nake son ka tsaya, Alhaji. Abin da ya taɓa rufe wa kayan Arewa ƙofa a waje, ba rashin satifiket ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, aka riƙa samun ninkinta sau da yawa, kuma aka yi ta tsawaita dakatarwar. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa na shekaru saboda wani ƙwaron sito da aka gani a kwantena. Riɗin Najeriya kuwa ana tsananta bincikensa a tashoshin Turai saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga ta shanya a ƙasa, kashin tsuntsu da ɓera, ko tsohon buhu. Duk ukun a gona da sito suka faru, a hannun yaron shago da mai gadi da lebura. Ba kwas ɗin da zai san wanda ya yi feshi da dare a sitonka.

Shi ya sa nake ganin aikin da ya fi kowane kwas gaggawa shi ne littafi a wurin saye. Kowane lodi ya samu lamba. A rubuta kasuwar da aka saye shi, sunan dillali, ƙauyen da ya ce kayan sun fito, ranar, nauyi a sikeli, da ɗanshi in kana da na'urar aunawa. Lambar ta bi buhun har cikin kwantena, kada a juye na Maigatari a kan na Dawanau don a cika tirela. A sito kuma a rubuta ranar da aka sa magani, wane iri, wa ya sa, da ranar da aka buɗe. Dillalai za su yi gunaguni, don dillali ba ya son a san inda yake samo kaya, yana tsoron a tsallake shi. Maganin wannan ɗan ƙarin kamasho ne ga wanda ya kawo kaya da bayaninsu, da alkawarin ba za ka zagaye shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai binciken da Bajamushe zai turo zai nemi littafin kaka guda cur, kuma yana gane wanda aka cika da biro ɗaya a dare ɗaya.

Da wannan a hannu, ga yadda zan raba. Wanda yake rubuta wasiƙa da masu saye, kai ne ko ɗanka da ka ce yana riƙe da ɓangaren fitarwa, shi ya yi na Kambirij, bayan kaka, kuma ya ɗauki takardar Bajamushen ta zama aikinsa na kwas. Manajan sito ko mai kula da ma'aikata ya tafi Zariya. In kuɗin mutum ɗaya kawai za ka iya fitarwa bana, dubi inda yawancin kayanka ke tafiya. Idan har yanzu mafi yawa kana sayar wa kamfanonin da ke saye a nan Kano da naira, Bajamushen kuma kwantena ɗaya ce ta gwaji, fara da Zariya, ragowar kuɗin ka kai samfur ɗakin gwaji kafin kowane lodi. Idan kuwa ka ƙudurta cewa Turai ce kasuwarka nan gaba, biya na Kambirij, don tambayoyin ƙaruwa za su yi, kuma biyan mai ba da shawara duk lokacin da takarda ta zo ya fi kwas ɗin tsada.

Wani ya ambaci MIT da CIPS a ƙarƙashin tambayarka. Kwas ɗin intanet na MIT, wata jami'a a Amurka, darussa biyar ne da jarrabawar ƙarshe, galibi lissafi ne kan hasashen buƙata, ajiyar kaya da sufuri. Ana iya bin darussan kyauta, satifiket ɗin ake biya, saboda haka yaro mai kan lissafi ya gwada na farko ya ga ko zai iya. CIPS, cibiyar ƙwararrun masu sayen kaya ta Ingila, ita kuma hanya ce ta mai son sayen kaya ya zama sana'arsa har ritaya. Matakinta na 4 yana da darasi guda kan sayen kaya bisa gaskiya da kare haƙƙi, amma tafiya ce ta shekaru, ta ma'aikaci ce ba ta mai kamfani ba.

Kafin ka biya ko wanne, sa akawunka ya leƙa ofishin ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata. Kamfanin da ke biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga asusun yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya idan ya horar da ma'aikata, amma ana son a sanar da su a samu amincewa tun kafin a fara horon, ba bayan an dawo da satifiket ba.