Bakin Baba ya riga muryarsa: sharhina kan manhajar haɗa bidiyo bayan wata 3

Na bar wannan sharhin ya kwana sau da yawa kafin in rubuta, domin da a daren da abin ya faru na zauna, da ba za ku sami kalma ɗaya mai daɗi a ciki ba. Yanzu zuciya ta ɗan sauko.

Ni ba edita ba ne, editin ba sana'ata ba ce. Bidiyoyin gidanmu ne suka taru shekara da shekaru, wasu a tsofaffin wayoyi, wasu a katin memori, wasu a filashin da sai da na zazzage durowa biyu kafin in gano shi, sai kuma kaset 9 na MiniDV daga kyamarar da muka yi amfani da ita kafin wayoyi su karɓe aikin. A da Windows Movie Maker nake ɗan yanke-yanke da ita, har zuwa Janairun 2017 da Microsoft ta daina bayar da ita. Tun daga nan ɗauka kawai nake yi ina jibgewa. Bana, da babbar 'yata ta kusa gama makaranta, na ce bari in haɗa mata fim ɗaya na minti 40, tun daga ranar da ta fara tatata har zuwa yau. Shi ya sa na sayi wannan manhajar, irin wadda ake tallata wa masu haɗa bidiyon gida, wai ka ja ka ajiye kawai, ita za ta yi sauran.

Farkon haɗuwarmu ba laifi. Na shigar da bidiyoyin, ta jera su, na yanke, na sa rubutun shekara a ƙasan kowane yanki. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye ta cike gefensa da hoto mai hazo, ba ta bar baƙin fili ba. Na kaset ɗin nan, masu faɗin ɗigon hoto 720 da tsayin 576, ta gane su ba tare da ta miƙe fuskokin mutane ba. Laftof ɗina mai RAM 8 GB ta fara cijewa da na jefa mata bidiyoyin 4K, amma akwai wurin da manhajar ke yin ƙananan kwafi marasa nauyi don a yi aiki da su, sai lokacin fitar da fim ta koma kan na asali. Da na kunna wannan, komai ya tafi sumul. Zuwa mako na biyu har na fara ce wa mutane su saya.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

A tsakiyar fim ɗin akwai wani yanki na minti 12 wanda saboda shi ne ma na ɗauki aikin da muhimmanci. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, zaune a ɗakinsa da yamma, ya ɗora 'yar tawa a cinya tana shekara 4, yana ba ta labarin yadda ya koyi karatu da girmansa. Da waya na ɗauka, hannuna ko tsayawa bai yi daidai ba, hasken ɗakin kuma ya yi ƙasa. Shi ne kaɗai bidiyon da muke da shi inda yake magana mai tsawo. Sauran duk gilmawa ce, ko ya ɗaga hannu ya ce a daina ɗaukarsa.

Lokacin da nake aiki, farkon yankin nan kawai nake dubawa in wuce, saboda ba na iya kallonsa duka ba tare da na tsaya ba. Farkon kuma lafiya lau yake. Na fitar da fim ɗin, ya ɗauki kusan awa 2, na zuba a filashi, muka taru a falo, Umma tana kujerar gaba. Minti na farko na maganar Baba kowa ya yi tsit. Wajen minti na biyar na fara jin wani abu bai zauna ba, ban dai gane ko mene ne ba. A minti na tara kuwa ko makaho ya ji a jikinsa. Baba zai buɗe baki, ya rufe, sannan kalmar ta iso. Zai yi dariya a hoto, ɗakin shiru, sai bayan ya koma magana dariyar ta fito. Kafin yankin ya ƙare, tazarar ta haura daƙiƙa 2. Ƙaramar 'yata ta juyo ta ce, "Abba, me ya sa bakin Kaka yake riga maganarsa?" Umma ba ta ce uffan ba. Ta sunkuyar da kai, ta saurari sauran ba tare da ta ƙara ɗaga ido ta kalli allon ba.

Wannan sunkuyawar ita ce ta tsaya mini a rai. Mace ta zo ganin fuskar mijinta bayan shekaru, aka ba ta mutumin da bakinsa da muryarsa ba sa tafiya tare, kamar ba shi ba.

Da na koma na buɗe bidiyon asali a VLC, manhajar kallon bidiyo, daidai yake tun daga farko har ƙarshe. Ke nan a cikin manhajar ne abin ya lalace. Na rubuta wa masu kula da abokan ciniki, na yi bayani dalla-dalla, har da mintin da tazarar ta fara. Bayan kwana 4 amsa ta zo: in cire manhajar in sake sakawa, in sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi. Na yi. Na sake jiran awa 2. Babu abin da ya canja. Na sake rubutawa, aka sake turo mini amsar nan kalma da kalma, sunan mai sa hannu kawai aka sauya.

Ƙanin matata ne ya warware mini, shi yana ɗan taɓa editin. Tambaya biyu kawai ya yi. "Yaya, da waya ka ɗauka?" Na ce eh. "Ɗakin da duhu?" Na ce eh. Ya ce in sauke MediaInfo, ƙaramar manhajar da ke nuna bayanan bidiyo, in duba fayil ɗin. Ga abin da na koya, kuma ina so duk mai shirin haɗa bidiyon waya ya sani. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kowane ɗaya ana ce masa firem. Kyamarar kaset tana ɗaukar adadi tsayayye, 25 a kowace daƙiƙa a tsarin talabijin na PAL, ko 29.97 a na NTSC. Waya kuwa sau da yawa ba ta tsayawa kan adadi ɗaya. Tana iya rubuta 30, amma idan haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi, sai ta rage, in abu ya daidaita ta koma. Kowane firem yana ɗauke da lokacinsa a cikin fayil ɗin, shi ya sa VLC da ita kanta wayar suke nuna shi daidai. Manhajar da ba ta kula da wannan lokacin ba, ta ɗauka kowane firem kashi ɗaya ne cikin 30 na daƙiƙa, za ta gama hotunan kafin sauti ya ƙare. A nawa fayil ɗin, minti 12 ya kamata ya zama firem 21,600. Abin da ke ciki ya gaza haka da kusan 70. Ka raba 70 da 30, ga daƙiƙa 2 da 'yan kai ɗin da suka raba Baba da muryarsa.

Maganin bai kai minti 20 ba. HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo wadda kyauta ce, tana da zaɓin da ke mayar da adadin firem tsayayye. Na wuce da bidiyon ta cikinta a kan 30, na dawo da shi, baki da murya suka haɗu.

To a nan ne raina ya fi ɓaci, ba a daren kallon ba. Wannan matsalar ba sabuwa ba ce, duk mai editin ya san ta. Manhajar da aka ce an yi ta don bidiyon gida, wane irin bidiyo masu ita suke tsammanin mutane za su kawo mata in ba na waya ba? Bayanin yana cikin fayil ɗin, wata ƙaramar manhaja ta kyauta ta karanto shi cikin ƙiftawar ido. Ko layi ɗaya na gargaɗi lokacin shigarwa da ya isa. Ba ta yi ba, kuma waɗanda aka ajiye don amsa tambayoyi ba su san zancen ba, ko kuma ba su karanta abin da na rubuta ba. Sannan da na kawo gyararren fayil ɗin, ba ta bar ni in musanya shi da tsohon a wurinsa ba. Ta ɗauke shi baƙo, duk yankan da na yi da rubutun da na jera a kansa suka tafi, na sake daga farko.

Da a nan na tsaya, tauraro ɗaya zan ba ta in rufe. Amma dole in faɗi abin da ya faru lokacin da nake sake aikin, domin zalunci ne in ɓoye.

A ɗakin Baba akwai fanka, ƙugin ta yana cikin bidiyon tun daga farko har ƙarshe, mun saba da shi har ba ma jin sa. Tunda na riga na koma kan yankin, sai na gwada wani maɓalli na rage hayaniya da ban taɓa dannawa ba. Da na kai shi ƙarshe, muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, na yi maza na dawo da shi wajen rabi. Sai fankar ta ja baya, Baba ya matso. Na ji numfashinsa tsakanin jimloli, na ji yadda yake ɗan jan harafin ƙarshe in zai yi tunani. A minti na 11, bayan ya gama labarin, ya sunkuya ya faɗa wa yarinyar wata magana ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru ina ganin leɓensa na motsi a wurin, na ɗauka waƙa yake mata. Ashe cewa ya yi, "Ke za ki wuce inda na tsaya." Na cire abin kunnen na ajiye, na daɗe zaune ban taɓa komai ba.

Saboda wannan kaɗai na ji kuɗina bai tafi a banza ba, har na fara tunanin in yafe mata na farko. Gyaran launinta ma ya yi ƙoƙari a kan na kaset, inda fuskoki suka yi ja ya daidaita su ba tare da ya mayar da mutane kamar an shafa musu fenti ba.

Sai dai ba ta bar ni na daɗe cikin yabon ba. Kaset ɗin MiniDV kowace awa ɗaya tana cin kusan 13 GB in an zuba ta a kwamfuta, kuma sai ta kebul ɗin FireWire, a daidai tsawon lokacin kaset ɗin, awa ɗaya a awa ɗaya. Wurin ajiyar laftof ya cika, na kwashe foldar bidiyoyin zuwa hadis (hard disk) na waje. Da na buɗe aikin washegari, layin da na jera bidiyoyin duk ya yi ja, babu hoto ko ɗaya. Gabana ya faɗi. Daga baya na fahimci fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da bidiyo a cikinsa, adireshin inda kowane bidiyo yake kawai yake riƙewa, da wurin da aka yanke. Haka kusan duk manhajojin editin suke, wannan ban ga laifinta ba. Laifinta shi ne, maimakon in nuna mata sabuwar foldar sau ɗaya ta nemo sauran da kanta, sai ta sa na nuna mata fayil 140 da wani abu ɗaya bayan ɗaya. Dare guda cur ya tafi a haka. Ina dannawa ina tuna sunkuyawar Umma, duk haushin ya dawo sabo.

Na ƙarshe kuma shi ne sabuntawar da ta zo a wata na uku. Na amince ba tare da na karanta ba, na buɗe, sai ga ɗan makulli a kan maɓallin rage hayaniya. Abin da ya fito mini da muryar mahaifina an mayar da shi cikin tsarin biyan wata-wata, alhali ni sayen gaba ɗaya na yi. Allah ya taimake ni na riga na fitar da sautin minti 12 ɗin daban na adana a wuri biyu. Da ban yi haka ba, da sai na sake biya kafin in ji abin da na riga na ji.

Taurari 2 nake ba ta, ɗaya na sauƙin yanka da jerawa, ɗaya na minti na 11. Wanda zai haɗa gajerun bidiyoyi na daƙiƙa 30 ko minti ɗaya, wataƙila har ya gama bai ga abin da na gani ba, domin tazarar ba ta taruwa sai bidiyo ya yi tsawo. Wanda kuwa yake da doguwar magana ta wani da ba zai sake samun ɗauka ba, ya wuce da ita ta HandBrake tukuna, kuma ya kalli fim ɗin da ya fitar shi kaɗai, daga farko har ƙarshe, kafin ya tara kowa. Kaset 6 suka rage mini ban zuba ba. Ƙanin matata ya ce zai zauna da ni mu gwada su a Shotcut ko DaVinci Resolve, tunda dukansu akwai na kyauta.

Fim ɗin dai mun sake kallonsa. Na gaya wa Umma an gyara, ta ce to, ta zauna a kujerar nan. Wannan karon ba ta sauke ido ba. Da aka zo minti na 11 ta ɗaga hannu ta ce, "Mayar mini baya." Na mayar. Sau uku ta sa na mayar, 'yar tawa tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafarta.