Sitabilaiza da layin wuta na daban don kayan kallon falo: sharhi bayan shekara guda

Kayan da ke kan layin su ne talabijin mai inci 55, amfilifaya mai sifika biyar, wufa (sifikar da ke fitar da kakkaurar murya) da dikoda. Idan an ƙure murya duka ba sa wuce wat 800, wato kusan amfiya 3.5 a kan bolt 230. Lodin ba shi da yawa, amma kayan ba sa son tarayya da firij, famfon ruwa ko esi. Duk lokacin da kwamfiresa ta tashi wuta na ɗan faɗuwa, sai ka ji "ƙas" a sifika.

Shi ya sa aka ja musu layinsu daga akwatin rabon wuta: waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, bureka mai amfiya 20, soket huɗu masu amfiya 13 a bayan talabijin. Wannan aikin ya biya kuɗinsa, ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Wajen sayen waya a kankare bakinta da wuƙa. In cikinta ya fito fari, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, irinta ce ke zafi ta sassauta a bakin soket. Wayoyin sifika kuwa fayif ɗinsu daban, da tazarar kamar santimita 30 daga na wuta.

Sitabilaizar mai kVA 2 ce, irin mai ƙaramar motar lantarki a ciki, ba mai rile (makunnin da ke sauya ƙarfin wuta mataki-mataki) ba. Tana daidaita wuta a hankali, babu ƙyaftawar hoto. Aibinta biyu. Motar tana gurnani idan wuta na hawa da sauka da daddare, don haka ba a cikin falo ya kamata ta zauna ba. Sannan ƙurar hunturu na taruwa a kan burushinta, sai an buɗe an hure ta. A kuma sani cewa in wuta ta sauko bolt 160, ba za ta ɗauki abin da aka rubuta a jikinta ba. Shi ne dalilin sayen wadda ta ninka lodi.

Inda masu wayarin suka fi yin ha'inci shi ne wayar ƙasa, wato wadda ake haɗawa da sandar da aka kafa a ƙasa don kariya daga jan wuta. Ƙasarmu yashi ce busasshiya, guntuwar sanda ba ta kama komai da rani. A kafa doguwa ta jan ƙarfe inda ke samun danshi, a auna ta da mita. Gishiri da gawayin da ake zubawa na taimakawa, sai dai gishirin na cin sandar. Sitabilaiza kuma ba ta tare tsawa. Da damina ta wayar dish take shigowa ta ƙone ramin HDMI, don haka in hadari ya haɗu a zare wayar daga dikoda.

Masu inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, su tabbatar mai tsabtatacciyar wuta (pure sine wave) ce. Mai arha tana sa wufa ruri, tiransifomar amfilifaya kuma ta ɗau zafi.