Kayan yajin da aka haska da radiyeshin: me za ka duba kafin ka saya?

Gaskiya bari in fara da abin da zai hutar da kai: ido ba ya ganewa, hanci ba ya ganewa. Ka ɗebo garin barkono ko citta ko masoro ka shinshina har ka yi atishawa, wallahi ba za ka san an haska shi da hasken gamma, wato radiyeshin mai ratsa kaya wanda ido ba ya gani, ko ba a haska ba. Kuma haskawar ba ta mayar da yaji guba, kayan ba sa ɗaukar radiyeshin ɗin, ƙwayoyin cuta irin su salmonela ake kashewa. Ni abin da ke damuna kawai a sayar maka ba a faɗa maka ba.

In a kanti ne, juya robar ko ledar. Akwai alamar Radura, wani ɗan koren tsiro mai ganye biyu a cikin da'ira wadda samanta a tsittsinke yake, ko ka ga an rubuta "irradiated". Tarayyar Turai tun 1999 ta wajabta rubutawa ko da yajin ɗan kaɗan ne cikin wani abincin, amma a Amurka in an zuba shi cikin haɗin wani abinci ba dole a rubuta ba, toh rashin alama ba hujja ba ce.

Mai sari buhu-buhu, musamman mai fitar da kaya waje, sai ɗakin gwaji, kuma a nan ne zaɓi yake. Gwajin PSL shi ne mai sauri da sauƙin kuɗi, minti ɗaya zuwa biyu an gama. Ƙurar yashin nan da ke maƙale jikin yaji tun daga gona da wurin shanya ita ke riƙe shaidar, in yajin haskakke ne, da an haska ƙurar da infared, wani haske da ido ba ya gani, sai ta saki ɗan haske na'ura ta ƙirga. Matsalarsa, yaji mai tsabta sosai ko wanda aka gauraya wani lokaci sakamakon sai ya tsaya tsaka-tsaki, gishiri ma yana rikita shi.

In haka ta faru sai gwajin TL, wato na zafi. Wannan sai an tace ƙwayoyin yashin daban an gasa su zuwa wajen digiri 400, an auna hasken da suka saki, an haska su da radiyeshin an sake gasawa an kwatanta, yana cin kwanaki da kuɗi amma shi ne ake kafa hujja da shi in rigima ta tashi tsakaninka da mai saye. Gwajin ESR kuma, mai neman alamar haskawa a jikin yajin kansa ta hanyar maganaɗisu, ya fi amfani ga barkono, sai dai alamarsa tana dusashewa in kaya sun daɗe a sito.

In ba ka son haskakke kwata-kwata nemi wanda aka turara da tururi, duk da yakan rage ƙamshi da launi. Wanda ni zan guje wa shi ne wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid, Turai ta haramta ta, kuma ita ta sa aka janye riɗin Indiya daga kasuwanninsu a 2020. Ka nemi takardar gwajin da ke ɗauke da lambar lodin da za ka saya, kar ka yarda da ta bara.